Faifan Bai Maƙale Ba

Shekara takwas ke nan rabon Abdoulaziz da riƙe makirufo a gaban taro, kuma da za a bar shi da ra'ayinsa, haka zai ci gaba har tsufa. A Maraɗi, kafin ya samu gurbin karatu ya taho Guangzhou, ba a yin biki a unguwarsu ba a ɗauko shi ba. Shi ne DJ ɗin da zai kama sunan uwar amarya ya yi ta juya shi, har baiwar Allah ta manta da ciwon gwiwarta ta faɗo fili. Ya iya abin, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai musa ba.

Abin da ya raba shi da wannan sana'a, wani abokin karatunsa ne ɗan China da ya ja shi wani tsohon ɗakin masana'anta a Haizhu, inda ake sa kiɗan da ake kira tekno. Kiɗa ne da babu mawaƙi a cikinsa, babu baiti, babu amshi. Bugu ɗaya ne ke ta tafiya, mai kiɗan yana ƙara masa wani abu kaɗan, yana zare wani, a hankali, har mutum ya rasa lokacin da ƙafarsa ta fara motsi. Kamar dahuwar ganda yake, wuta kaɗan, lokaci mai tsawo, kuma ba a yawan buɗe tukunya. Ba a tsayar da shi, ba a magana a kansa. Aziz ya fito daga wurin nan, ya ce wa kansa ashe duk shekarun nan surutu yake zubawa a kan kiɗan mutane yana kiran kansa makaɗi.

Da rana tafinta ne. Yana aiki da Alhaji Babayo, wani Bakano mai safarar kuloli da filas, wanda kuma shi ne shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar Hausawa na garin. Aziz ke raka shi masana'antu, shi ke bin kwantena har tashar jiragen ruwa ta Nansha, shi ke faɗa da direbobi da harshensu. In ya dawo ɗakinsa kuwa, sai ya sa abin sauraro a kunne ya zauna gaban kwamfuta yana sassaƙa kiɗansa. 'Yan uwansa Hausawa sun san yana da kayan kiɗa, amma ba wanda ya taɓa jin me yake kaɗawa, shi ma bai taɓa gayyatar kowa ba.

Burinsa guda ne, kuma a hannun mace ɗaya yake. Sunanta Liang, gajera, mai aski irin na maza, tana da ƙaramin gidan kiɗa a Haizhu. Duk Disamba takan shirya taron tekno na kwana uku, kuma duk wanda sunansa ya shiga jerin masu kiɗan taron, to an san da zamansa. Sau huɗu Aziz yana tura mata aikinsa. A na huɗun ne ta amsa, ita ma a taƙaice.

"A waya kowa gwani ne," in ji ta. "A gaban mutane nake son ganin ka. Ranar Litinin zan rufe jerin sunaye."

Ranar Laraba ta faɗi haka. Aziz ya buga waya duk inda ya sani, kowa ya ce masa meyo, babu gurbi. Taro ɗaya ne rak ya rage a garin da zai iya samu kafin Litinin, shi ne liyafar da ƙungiya ke yi duk lokacin da aka rufe baje kolin Pazhou. Shekara uku Alhaji Babayo yana roƙonsa ya yi musu kiɗa a wannan liyafa, shekara uku yana zillewa, yau ciwon kai, gobe kwantena ta maƙale.

Ya same shi a ofis a titin Liuhua Lu, zaune tsakanin kwalayen samfur yana buɗe wata kula yana rufewa.

"Alhaji, liyafar ga ta ran Asabar, in ba a samu mai kiɗa ba, ni zan yi."

Alhaji ya ajiye kular, ya zare tabarau ya dube shi sama da ƙasa. "Ikon Allah! Yau ɗan Maraɗi ne ya sauko? Wa ya yi maka wa'azi?"

"Ba kowa, Alhaji. Amma da sharaɗi guda. Minti arba'in nike so, nawa na kaina. In sa abin da nike so, ba mai katse ni. Akwai wata baƙuwa da za ta zo saurare, gabana duka yana ga abin da za ta ji. Bayan nan duk abin da kunka ce a sa, sai in sa."

"Arba'in kacal? Haba Abdul'azizu, ɗauki awa biyu ma. Wa zai katse ka ina tsaye?"

A nan Aziz ya yi kuskurensa na farko. Bai tsaya ya tambayi Alhaji me ake kira katsewa a wurinsa ba. Mutumin da ya tashi yana ganin babban baƙo ba ya shiga taro sai mai kiɗa ya rage sauti ya ambaci sunansa da na gidansu, ba zai taɓa ɗaukar wannan a matsayin katsewa ba. A wurinsa gaisuwa ce, kuma ba a neman izini kafin a gaida mutum.

Kuskure na biyu ya fi ban haushi, don ko yaron goye a Maraɗi ba zai yi shi ba. Katin gayyata ya ce ƙarfe uku na rana, shi kuma ya gaya wa Liang ƙarfe uku. Zaman China ya lalata shi, ya manta cewa ƙarfe uku a katin Bahaushe, nufinsa a fara tunanin yin wanka bayan La'asar.

A saman wani gidan abincin Musulmin China aka shirya taron, an kafa rumfa, an jera kujeru tamanin. Uku saura minti biyar Liang ta hawo, baƙar riga, baƙin wando, ta tarar da kujeru tamanin da ma'aikata huɗu da Aziz. Ta dubi agogonta, ta dube shi.

"An ɗaga ne?"

"Suna hanya," in ji shi. Ƙarya ce, ya san wasu ma ba su fito daga Pazhou ba.

Ta ce ƙarfe shida tana da wani wuri, ta ja kujera can gefe, aka kawo mata shayi. Aziz ya gwada sauti, ya sake gwadawa, ya goge na'urar da ba ta da ƙura. Uku da rabi ya yi La'asar a wani lungu, kuma Allah na gani, rabin zuciyarsa na kan matakala tana sauraren takun mutane. Ƙarfe huɗu mata uku suka shigo, suka ga ba kowa, suka ce bari su leƙa wani shago su dawo. Kamar ya durƙusa ya riƙe ƙafarsu. Liang ta sha shayi kofi uku, ta amsa saƙonni.

Sai wajen huɗu da rabi wurin ya fara kama da taro. Mata suka cika gefe guda da leshi da turare, maza matasa suka tsaya gungu-gungu suna maganar kuɗin dakon kaya a jirgi da wahalar kwastan. Manyan alhazai kuwa ko ɗaya bai iso ba, don babba ba ya riga jama'a zuwa. Aziz ya yi lissafin lokaci. Magariba shida saura kwata, kuma da an kira salla kiɗa ya ƙare, ko wa ke saurare. In bai fara yanzu ba, ba zai fara ba. Biyar saura kwata ya yi bisimilla a ransa ya danna.

Bugun ya fara can ƙasa, shi kaɗai, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Ya bar shi haka minti uku. Sannan ya shigo da wani siririn kaɗe-kaɗe a samansa, ya ɗan buɗe shi, ya mayar. A minti na shida ya fara sako abin da ya fi alfahari da shi, ƙarar ƙofar kwantena da ya ɗauka da wayarsa a Nansha wata rana da rana tsaka. Wata uku ya yi yana feƙe ƙarar nan, yana yanke ta, yana ja, har ta koma wani abu mai amo kamar ƙararrawa a cikin rijiya. Ya ji abin yana hawa yadda ya tsara shi.

Jama'a dai suna jiran a fara. Hajiya Hasiya, mai saro jakunkuna ta kai Kano, wadda ba a taɓa buɗe filin rawa ba da ita ba, tun bugun farko ta miƙe ta ɗaure gyale a ƙugu. Ta tsaya a tsakiyar fili tana ɗan gyaɗa kafaɗa, tana jiran mawaƙi ya shigo. Ta jira, ta jira, mawaƙi bai shigo ba. Ta kwance gyalenta ta koma ta zauna, ta ce da ta kusa da ita, da muryar da ba ta san raɗa ba, "Wai har yanzu gwaji yake?"

Aziz ya ji, ya yi kamar bai ji ba. Ya saci kallon Liang. Ta ajiye wayarta, ta lumshe ido, kanta yana ɗan motsi da bugun. Wata ma'aikaciya mai ɗauke da tire ita ma ƙafarta na taɓa ƙasa a kan ƙa'ida. Wannan ya ishe shi. Ya ce a ransa, ku ba ni minti goma kawai, wallahi sai kun tashi ba ku san kun tashi ba.

A minti na goma sha biyu Alhaji Dogara ya iso. Shi ne babban baƙon taron, dattijon da ya fara kawo rabin mutanen wurin China. Ya hawo matakala da ƙyar, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hannun babbar rigarsa, yana murmushi, yana jiran abin da ake yi masa a kowane taro shekara talatin. Ba abin da ya faru. Bugu dai ke ta tafiya. Ya sake gyara hannun riga.

Alhaji Babayo ya taho da sauri har yana tuntuɓe da waya. Ya sunkuyo kunnen Aziz.

"Abdul'azizu, Alhaji Dogara ya iso."

Aziz ya ɗaga gefe ɗaya na abin sauraro. "Na gane shi, Alhaji. Minti arba'in munka yi da kai."

"To wa ya ce ka daina? Ci gaba da abinka. Suna kawai za ka kira."

"In na yi magana ya lalace, Alhaji. Ka yi haƙuri, saura kaɗan."

"Me zai lalace? Ai ba a fara komai ba!"

Aziz ya mayar da abin sauraronsa. Bai taɓa yi wa Alhaji haka ba, amma bai ɗago ba. Kafin minti biyar wasu alhazai uku sun iso bayan Alhaji Dogara. Babu mai iya wuce shi ya shiga, shi kuma ba zai shiga shiru kamar mai kawo saƙo ba, sai matakala ta cushe da manyan riguna. Ma'aikacin da ya ɗauko tiren nama ya maƙale a bayansu yana ta ba da haƙuri da harshen da ba mai ji. Murmushin Alhaji Dogara ya fara bushewa.

Shi kuwa kiɗa ya kawo inda Aziz ya gina komai dominsa. A minti na ashirin yakan zare duk abin da ya tara, bugun ma ya ɗauke shi, ya bar ƙarar ƙofar kwantenar nan ita kaɗai tana maimaita kanta sau goma sha shida. Kunne zai ƙosa, ƙirji zai matse, sannan a na goma sha bakwai komai ya faɗo lokaci guda. Ya zare. Ƙarar ta fara zagayawa, ɗaya, biyu, uku. Ya ga Liang ta buɗe ido ta gyara zama.

A cikin taron akwai Issa, ɗan Maraɗi, wanda ya girmi Aziz da shekara goma, unguwarsu ɗaya, kuma shekararsa ashirin yana sayar da lasifikoki da rediyo. Mutum ne mai zuciyar kirki, irin kirkin da ba ya tambaya kafin ya taimaka. Tun ɗazu yake zaune cikin damuwa yana jin abu ɗaya na ta dawowa. Da bugun ya ɗauke, ƙara ɗaya ta tsaya tana nanata kanta, sai ya tabbatar da abin da yake zargi. Ya san wannan cutar, kwastomomi sun sha dawo masa da kaya a kanta. Ba zai zauna yana kallo ɗan unguwarsu ya ji kunya a gaban Kanawa ba. Ya zagaya ta bayan tebur, ya durƙusa, ya laluba, ya fizge wayar da ke kai sauti lasifika.

A na goma sha huɗu aka yanke. Wurin ya yi tsit, har ana jin motocin ƙasa. Yatsan Aziz na kan maɓallin da zai sako komai, ya danna, ba abin da ya fito. Kafin ya gane me ke faruwa, Issa ya soka wayar a tasa salular, wata waƙar biki ta gida ta fashe da ƙarfinta. Hajiya Hasiya ta rangaɗa guɗa.

"Kar ka damu, ƙanena," in ji Issa yana miƙewa yana kakkaɓe gwiwa. "Kayan ga haka suke, na san halinsu. Faifan ne ya maƙale."

"Yaya Issa, mi ka yi haka?" in ji Aziz. "Bai maƙale ba! Bai maƙale ba, wallahi! Haka ake yin shi!"

"Haka? Wuri guda?" Issa ya dube shi da tausayi na gaskiya. "Da gangan?"

Da wani ne ba Issa ba, da Aziz ya shaƙe shi. Wata uku na aiki, shekara takwas na jira, saura bugu biyu, mutum ya zo ya cece shi. Kuma mai ceton bai gama ba. Ya ɗauki makirufon da ke ajiye a gefe, ya bubbuga shi.

"Jama'a, a yi haƙuri, na'ura ce ta ba da matsala, an gyara. Wanga yaro da kuke gani, ku ba ku san shi ba. A Maraɗi in ya kama sunan mutum, sai mutum ya sai da gonarsa ya yi liƙi. Bisimilla, Aziz!"

Ya danƙa masa makirufo a hannu. Ido tamanin da wani abu suka juyo. Can bakin ƙofa Alhaji Dogara ya daina murmushi gaba ɗaya, ya fara juyawa kamar mai shirin sauka. Alhaji Babayo na tsaye a tsakiya, gumi ya jiƙa masa hula, yana duban Aziz. Wannan mutumin ne ya tsaya masa a kan takardun zama, shi ne ya kwana biyu a asibiti a kan kujera lokacin da zazzaɓi ya kusa tafiya da shi. In Alhaji Dogara ya sauka matakalar nan, har Kano za a ji.

Aziz ya yi niyyar ya faɗi suna ɗaya, a bushe, ya ajiye. Amma bakin bai manta ba. Hannunsa ya ja sautin ƙasa daidai inda mawaƙin ya numfasa, muryar da ya binne shekara takwas ta fito kamar jiya ya ajiye ta.

"A buɗe hanya! A buɗe hanya, babba ya iso! Alhaji Dogara na Kantin Kwari, uban baƙi a ƙasar da ba ta uban kowa ba! Mai kwantenar da ba ta kwana a Nansha! Taka a hankali, Alhaji, wurin naka ne!"

Ya saki sautin. Wurin ya ɗauka. Alhaji Dogara ya juyo, fuskarsa ta washe, ya tako cikin ƙasaita yana ɗaga hannu, sauran alhazai na biye, mai tiren nama ya samu hanya. Aziz ya kama su ɗaya bayan ɗaya, wannan da garinsu, wancan da sana'arsa, wani da sunan babbar 'yarsa. Ya karɓi waƙoƙin salular Issa ya zuba su ta na'urarsa, yana yanka wannan a gaɓa ya ɗora waccan, yana ɗauke sauti mata su cike amshi da bakinsu. Alhazai suka zaro sababbin takardun kuɗin da suka sha wahalar nemowa a garin da kowa da waya yake biya, suka yi ta manna masa a goshi. Hajiya Hasiya ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi.

Abin da ya fi ƙona masa rai, daɗin da ya ji. Ya so a ce wahala yake sha, a ce dole ce kawai. Ina! Jininsa ya ɗauka, ƙafarsa na rawa a ƙarƙashin tebur, ya san wa zai kira kafin mutumin ya san zai tashi. Yana yi yana jin haushin kansa, yana jin haushin kuma yana ƙara ƙwarewa. Gefen da Liang take kuwa bai ko kalla ba. Ya riga ya sallama, ya ɗauka ta tafi tun tuni.

Shida saura kwata wayoyin mutane suka ɗauki kiran salla kusan tare. Ya kashe sauti. Jama'a suka watse neman ruwan alwala suna haki suna dariya. Ya tsaya shi kaɗai yana ɓamɓare takarda daga goshinsa, sai ya ga baƙar riga a gabansa.

Ya fara ba ta haƙuri da harshen China, yana bayanin waya da lasifika da mutumin da ya ɗauka faifai ya maƙale. Ta ɗaga hannu ta tsayar da shi. Idonta na ƙyalli, ashe har gumi ta yi.

"Shekara goma sha biyar ina wannan aiki," in ji ta, "ban taɓa ganin mutum ya juya ɗaki haka da bakinsa ba. Na ɗauka a waya, na tura wa abokan aikina, sun ce kada in bar ka ka kuɓuce. Ranar Asabar ta taron, lokacin da wuri ya fi cika, naka ne. Wannan na biyun za ka yi, da makirufo da komai."

Aziz ya dakata da ɓamɓare takardar. "Na farkon fa?"

"Yana da kyau. Tsaf yake, ba kuskure." Ta ɗaga kafaɗa. "Amma ina da mutum talatin a garin nan masu yin irinsa."

"Ba ki ji ƙarshensa ba. Saura bugu biyu aka yanke."

"Na san abin da zai biyo baya," in ji ta, ba da mugunta ba. "Kowa ya sani."

Da zaginsa ta yi, da ya samu abin riƙewa. Yana tsaye haka Alhaji Babayo ya ƙaraso, hannun riga a naɗe, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa, ya manta da duk wani abin da ya faru ɗazu.

"Ɗan Maraɗi, ka fitar da ni kunya, Allah ya yi maka albarka. Me laoban, uwar ɗakin nan taka, take cewa?"

Aziz ya fassara masa, kalma bayan kalma, da muryar da yake fassara farashin kula. Alhaji ya tafa hannu.

"Alhamdulillahi! Ka gani? Ce mata mun karɓa. In tana so ma mu kawo mata jama'a, mota biyu."

Wannan bai fassara ba. Ya juya ga Liang ya ce, a hankali, kamar mai roƙon alfarma a bakin asibiti, "Ki ba ni minti ashirin na kaina kafin in ɗauki makirufo."

Ta yi dariya, ta rataya jakarta. "Biyar. Lokacin da ake buɗe ƙofa mutane na shigowa."

"Goma."

"Biyar. Kuma ka turo mini hotonka da irin hular mutanen nan, don allon talla. Ka amince ko in ba wani gurbin?"

Ya dubi na'urarsa, inda aikin wata ukun nan yake tsaye a inda aka yanke shi. Ya ji bakinsa ya ce hao, to. Ta miƙa masa hannu, ta yi wa Alhaji shiye-shiye, godiyarsu ta China, ta sauka tana duban agogo.

An riga an fara tsayar da sahu a kan tabarmin da aka shimfiɗa bayan rumfa. Aziz ya nufi famfo ya tsuguna. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya watsa ruwa a fuska ya bar tafukansa a kai ya daɗe bai sauke ba. Wani ya tsuguna kusa da shi yana nishi, ya dafa kafaɗarsa da jiƙaƙƙen hannu. Issa ne.

"Alhaji ya ce matar ga ta ɗauke ka aiki," in ji shi, fuskarsa cike da farin ciki. "Ka gani ko? Da ban fizge wayar nan ba, da yanzu wani zance ake. Amma ka kawo mini na'urar gobe in duba maka ita, kar ta sake yi maka haka gaban mutane."

Aziz ya sauke hannunsa. Ya dubi mutumin nan da ke jiran amsa da zuciya ɗaya.

"Na gode, yaya Issa," in ji shi. Ya ci gaba da alwalarsa.